Littafi 52 a shekara: inda lissafin yake ɓacewa

[Hotunan allon waya suna wucewa ɗaya bayan ɗaya]

Jama'a, tun da shekara ta kama kuke ganin irin waɗannan hotuna. Wannan ta ce littafi 24 za ta karanta bana. Wannan ya ce 52, wato ɗaya duk mako. Ga wani nan, Allah ya ba shi sa'a, 100 ya rubuta. Sai watan Maris ya zo, hotunan su canza. Manhaja ta fara nuna wa mutum cewa an bar shi a baya da littafi bakwai, shi kuma ya rubuta a ƙasa wai shi dai ya gane karatu ba nasa ba ne. Tambayar da ke ta yawo ke nan: mutum yana karatu kusan kullum, to me ya sa manhaja take cewa yana baya?

Ba lalaci ba ne, aƙalla ba ga kowa ba. Akwai mataki ɗaya da kusan kowa ke tsallakewa tun ranar farko, kuma a kansa za mu daɗe. Sauran za mu bi ta kansu da gudu.

[Shafin Goodreads, akwatin saka adadi]

Wannan da kuke gani Goodreads ne, shafin intanet da masu karatu ke ajiye lissafin littattafan da suka karanta. An buɗe shi a 2007, Amazon ta saye shi a 2013, kuma tun 2011 yake da wannan ƙalubale na shekara. Ka rubuta adadin littattafan da kake so, shi ke nan. Abin da yake yi daga nan ba wani abin mamaki ba ne: yana raba adadin a kan kwanakin shekara. Ka ce 52, yana jiran littafi ɗaya duk kwana bakwai. Bai damu da ko wane littafi ba ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo.

Haɗa jerin kansa ba wuya. Ka ɗauki takarda, ka tsaya gaban kantar littattafanka, ka rubuta waɗanda ka daɗe kana cewa za ka karanta. Wasu masu wannan ƙalubale suna bin tsari mai kyau: littafi 12 da suka shekara suna jira, da guda biyu na ko-ta-kwana, idan ɗaya ya ƙi shiga sai a musanya. Ni dai wannan tsarin ya yi mini. Shawara ɗaya kawai: kada ka cika jerin da littattafan da kake so a gan ka da su. Ka sa waɗanda in an bar ka kai kaɗai a ɗaki za ka buɗe.

An gama da jeri. Yanzu ga wurin.

[Tebur. Littattafai uku a jere, daga siriri zuwa mai kauri]

Ku dubi ukun nan. Wannan shafi 96 ne, da yamma ɗaya an gama. Na tsakiya 320. Wannan na ƙarshe, da sai an sa hannu biyu, 900. A wurin manhaja, ɗaya, ɗaya, ɗaya. Wanda ya zauna da mai shafi 900 na tsawon wata guda ya karanta fiye da wanda ya cinye ƙananan nan guda tara, amma shi za a ce yana baya, wancan kuma a yi masa tafi. Kamar a tambayi mutum kuɗinsa nawa ne, sai ya ƙirga yawan takardun, bai duba abin da aka rubuta a jikin kowace ba.

Saboda haka littafi ba ma'auni ba ne. Ba wanda ke karanta "littafi" ranar Talata da daddare. Shafuka ake karantawa, a cikin mintuna. Matakin da ake tsallakewa shi ne mayar da jerin nan zuwa shafukan rana ɗaya, sannan zuwa mintuna.

[Hannu yana buɗe bayan kowane littafi, yana rubuta lamba]

A gaban kowane suna, ka rubuta yawan shafukansa. Ka duba shafin ƙarshe na ainihin rubutun, ban da fihirisa da bayanan baya. Ka tara. A misalinmu littafi 12 sun ba da shafi 4,200.

Yanzu raba. A nan hannu zai so ya danna 365. Kada ka bari. Ka raba da 300.

Me ya sa? Saboda a shekara akwai ranar da za ka kwanta rashin lafiya, akwai tafiya, akwai ranar da aiki zai kai ka dare, akwai kuma ranar da ba abin da ya faru, kawai waya ce ta yi nasara. Kwana 65 ɗin da ka cire na waɗannan ranakun ne. Kuma kada wani ya ce shi ya san kansa. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa a Kanada sun tambayi ɗaliban jami'a kwana nawa zai ɗauke su su gama kundin bincikensu. Matsakaicin abin da suka faɗa kusan kwana 34 ne. Abin da ya ɗauke su a zahiri ya haura kwana 55. Tun 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka yi bayanin wannan hali: in mutum zai ƙiyasta aikin kansa, yana hango ranar da komai ya tafi daidai ne, sai ya ɗauka duk ranaku haka za su zo.

To, 4,200 a raba da 300.

[Kalkuleta: 14]

Shafi 14 a rana. Wannan ce lambarka ta gaskiya. Ita za ka rubuta a saman takardar, ba 12 ba.

Saura a san shafi 14 minti nawa ne, kuma a nan ba wanda zai amsa maka sai agogo. Akwai ƙiyasi na gaba ɗaya: a 2019 Marc Brysbaert na Jami'ar Ghent a Beljiyam ya tattara nazarce-nazarce 190, ya samu cewa babban mutum mai karanta Turanci a zuci yana yin kalma 238 a minti idan ba ƙagaggen labari ba ne, 260 kuma idan labari ne. Amma wannan matsakaici ne, na harshe ɗaya. Wanda ke karatu da harshen da ba na uwa ba yakan yi ƙasa da haka, kuma shafin wani littafin ya ninka na wani yawan kalmomi.

[Agogon waya: minti 10. Mutum yana karatu. An hanzarta hoton]

Don haka ka saita minti goma. Ka karanta yadda ka saba, ba yadda za ka yi in ana kallonka ba. Na san da an danna agogo kowa sai ya zama zakara. Ka sassauta. In ka koma ka maimaita layi, ka bar shi, ai haka kake karatu. Agogo ya buga, ka ƙirga.

Wannan bawan Allah ya yi shafi bakwai. Ke nan shafi 14 minti 20 ne. Abin da ƙalubalen shekararsa gaba ɗaya yake nema a wurinsa ke nan, minti 20.

Amma ku tsaya, bai gama ba. Wancan labari ne mai jan hankali. Ga shi ya ɗauko na tarihi, mai ƙananan haruffa da sunaye birjik. Minti goma, shafi uku. A wannan littafin, shafi 14 ya kusa minti 47. Kun ga shafi ma ba duka ɗaya ba ne. Shi ya sa za ka gwada sau biyu, da mafi sauƙi a jerinka da mafi nauyi. In masu nauyin sun fi yawa, ko dai ka ƙara lokaci ko ka rage jeri tun yanzu, kafin Maris ya rage maka shi da kansa.

Mu gwada wa mai 52 ɗin nan. Mu ce kowane littafi shafi 300. Shafi 15,600 ke nan. Ko da bai huta ko kwana ɗaya ba, shafi 43 ne kullum. Da saurin shafi bakwai a minti goma, awa ɗaya ce cur, kowace rana, har ranar da yake zazzaɓi. Akwai masu yi, kuma na jinjina musu. Abin da nake cewa shi ne yawancin masu rubuta 52 ba su taɓa ganin lambar 43 ɗin nan ba. Da sun gani, da wasu sun ce a kai kasuwa, wasu kuma sun shiga da idonsu a buɗe.

[Kalanda, an buɗe Disamba. Tarin ƙananan littattafai]

Ga abin da ƙirga littafi ke haifarwa a ƙarshen shekara. Mutum na baya da tara, saura mako uku, sai ka ga ya fara neman duk abin da bai kai shafi ɗari ba. Babban littafin da ya sa ya shiga ƙalubalen tun farko yana nan a kanta, ƙura ta hau. Masanin tattalin arziki na Ingila Charles Goodhart ya lura da irin wannan tun 1975, a kan harkar kuɗi: da zarar an mai da ma'auni abin da ake kora, ya daina auna abin da aka kafa shi dominsa. Ƙananan littattafai ba laifi ba ne, wasunsu sun fi manya daɗi nesa ba kusa ba. Amma a karanta su don ana so, ba don a cike gurbi ba.

Sauran a gurguje.

Mintunan nan 20 ka ba su wuri a ranarka, takamaimai: bayan kaza, a kujera kaza. "In na samu lokaci" ba ya zuwa.

Littafin da ya ƙi shiga fa? Wata tsohuwar ma'aikaciyar laburare a Seattle ta Amurka, Nancy Pearl, tana da ƙa'ida da ta shahara: ka ba littafi shafi 50, in bai kama ka ba ka ajiye. In ka haura shekara 50, ka cire shekarunka daga 100, abin da ya rage shi ne shafukan da za ka ba shi. Mai shekara 80 shafi 20 kawai. Tsoho ba ya da lokacin ɓatawa. A lissafin littafi, shafi 50 ɗin nan sun tafi a banza, shi ya sa mutane ke maƙale wa abin da ba sa so na wata biyu. A lissafin shafi suna cikin asusunka. Ka ɗauko na ko-ta-kwana, ka gyara jimilla, ka ci gaba.

[Allon StoryGraph]

In kana son manhaja ta riƙe maka lissafin, StoryGraph tana barin ka saka burin shafuka, har da na awannin saurare. In Goodreads ka saba da shi, ka ci gaba abinka, amma ka sa masa adadin da ya fito daga lissafinka, kuma in ya ce kana baya, takardarka za ka duba.

Masu littafin saurare kuma, kada ku fara, na san za a tambaya ko yana cikin lissafi. Jerinku ne, ku kuka san me kuka je nema. Naku ma ya fi sauƙi, domin tsawon kowane littafi a rubuce yake da awanni. Ku tara awannin, ku raba da 300. Mai sauraro da saurin ɗaya da rabi ya fara raba jimillar da 1.5: littafin awa 12 zai dawo awa 8.