Watan haihuwa ko yanayin haihuwa?

Masu kallo, barkanmu da warhaka. A ƙasar Hausa sunan mutum kan tona lokacin da ya zo duniya: wadda aka haifa a tsakiyar damina ana ce mata Marka, wadda ta zo cikin Ramadan ana ce mata Azumi, wanda kuma ya zo ranar idi ana kiransa Sallau. Shin wannan lokacin yana barin wata alama a lafiyar mutum da halinsa, ko kuwa a suna kaɗai ya tsaya?

Amsa mafi ɗaukar hankali ta fito ne daga ƙauyen Keneba da maƙwabtansa a ƙasar Gambiya, inda likitoci suka daɗe suna rubuta ranar haihuwa da ranar rasuwar mazauna wurin tun wajajen 1950. A 1997 masu bincike Sophie Moore da Andrew Prentice da abokan aikinsu suka wallafa abin da suka gano a mujallar Nature, wato cewa waɗanda aka haifa a lokacin yunwa, daga Yuli zuwa Disamba, sun fi sauran yiwuwar mutuwa da ƙuruciya bayan sun wuce shekara 15 da kusan ninki huɗu, bayan shekara 25 kuma har kusan ninki goma, kuma galibi cututtuka masu yaɗuwa ne ke ɗauke su. Duk wanda ya tashi a karkara ya san wannan lokacin ba sai an kwatanta masa ba. Rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, mai ciki tana duƙe a gona tun safe da ɗan kunun da bai kai ya kawo ba, da dare kuma sauro ya hana gida barci. Jaririn da ke cikinta yana gina garkuwar jikinsa ne da abin da ta samu, ba da abin da ya kamata ta samu ba. Sai dai da aka yi irin wannan bincike a karkarar Senegal ba a ga wannan bambancin ba, abin da ke nuna cewa ba a ko'ina lamarin yake haka ba.

A ƙasashen sanyi ma an ga alamu, amma ƙanana. Masu bincike a Jami'ar Columbia da ke birnin New York sun duba bayanan marasa lafiya miliyan 1.7 a 2015, suka sami alaƙa tsakanin watan haihuwa da cututtuka 55 daga cikin 1,688 da suka auna. Tun kafin nan, a 2001, an gano cewa a Ostiriya da Denmak waɗanda aka haifa daga Oktoba zuwa Disamba sun ɗan fi tsawon rai, alhali a Ostireliya, inda lokutan sanyi da zafi suke a juye, abin ma ya juye. Wannan ita ce hujjar da ta fi gamsar da ni, domin da watan ne da kansa ke aiki, da bai canza hali ba don an tsallaka teku.

Game da ɗabi'a kuwa, maganar ba ta da tsawo. An gwada ikirarin masu duban taurari sau da dama, ciki har da gwajin masanin kimiyya Shawn Carlson na 1985, kuma ba su iya gane halin mutum daga burujinsa fiye da mai canke ba. Abin da ya tabbata dai aikin kalandar makaranta ne. A jihohin Amurka da ke sharɗanta cewa sai yaro ya cika shekarun shiga makaranta zuwa ranar 1 ga Satumba, yaron Agusta shi ne ƙaramin aji, kuma wani bincike na 2018 ya nuna an fi yanke wa irinsa hukuncin larurar rashin natsuwa da sama da kashi 30 cikin ɗari fiye da yaron Satumba, alhali mai yiwuwa ƙuruciya ce kawai ke damunsa.

Mu koma kan Azumi. Shekarar Musulunci tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, don haka watanninta suna zagaya yanayi. Azumin da aka haifa a Ramadan na shekarar 2000 ta zo ne cikin hunturun Disamba, bayan kaka, rumbu a cike. Takwararta ta Ramadan na 2011 kuwa ta faɗo ne cikin Agusta, ana tsakiyar marka, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika ɗakunan yara a asibitoci. Sunansu ɗaya, watansu ɗaya, amma iyayensu mata ba tuwo ɗaya suka ci ba a watannin ƙarshe na goyon ciki.