Amsoshin Tambayoyinku: Injin Jirgin Ruwa, Batir da Yoyo

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan makon kusan duk daga bakin ruwa suka fito, Yawuri, Ngaski, Shanga da Bagudo, sai guda ɗaya daga Gusau. Shi ya sa muka ɗauko muku wani dattijo bakaniken injin jirgi, wanda ya fara da tuƙi a Tafkin Kainji kafin ya koma riƙe sufana. Baba, sannu da zuwa.

Bakanike: Yawwa ɗana, sannunmu dai. Allah Ya sa mu amfana.

Mai gabatarwa: Amin. Ta farko daga wani matuƙi ce a Yelwa. Ya ce injinsa Yamaha ne mai doki 40. Da safe yana tashi lafiya, amma in an ɗan yi nisa sai ya ɗau zafi, ƙarfinsa ya ragu, wani lokaci ya mutu. Ya canja fulogi, ba ta canja zani ba.

Bakanike: Da yana gabana, abin da zan fara tambayarsa shi ne: injin yana fitsari? Duk injin rataye yana da ɗan rami a gefe inda siririn ruwa ke tsartuwa in yana aiki. Wannan ruwan shi ne shaidar cewa ruwan kogi yana zagaya kan inji yana sanyaya shi. In ka ja igiya ya tashi, kafin ka sa giya, waiga ka duba. In babu, ko yana ɗiga da ƙyar, kashe shi nan take.

Sai ka bi abin daga mai sauƙi. Ɗaga ƙafar injin ka duba ramukan shan ruwa da ke sama da farfela. Leda ce ta fi yi mana wannan ɗanyen aiki, sai kainuwa da ciyawa. In nan lafiya, samu siririyar waya ka soka a ramin fitsarin, don in inji ya kwana biyu a jingine zanzaro kan yi gini a ciki, ya cika shi da laka. Mutum ya ɗauko inji tun daga tsibiri ya kawo mini, ransa a ɓace, na zura waya ɗaya laka ta fito, shi ke nan.

In duk an yi wannan ruwa bai zo ba, to robar famfo ce. Tana cikin ƙafar inji, a saman gidan giya, roba ce mai fukafukai da ke juyawa tana tura ruwa sama. Ruwan damina na Kwara yashi ne da laka, yana cinye ta. Abin da ya fi kashe ta kuwa shi ne tada inji a tudu. Mai sayarwa yana son mai saye ya ji ƙara, sai ya ja igiya babu ruwa, kafin minti ɗaya robar ta ƙone. In za ka gwada inji a gida, cika ganga da ruwa ka tsoma ƙafar har ta rufe famfon. Kuma in ka kwance ka tarar fukafukan sun karye, ƙirga gutsattsarin. Wanda ya ɓata yana cikin bututu, in ba ka zaƙulo shi ba sabuwar robar ma ba za ta yi maka amfani ba. Ni dai shawarata a canja ta duk shekara, ko ba ta nuna alama ba.

Mai gabatarwa: To fulogin da ya yi ta saye fa, Baba?

Bakanike: Ya ajiye su a gwangwani, za su yi rana.

Mai gabatarwa: Wani kuma daga Shanga yana tambaya: baƙin mai nawa ake zuba wa fetur? Ya ce kowa da abin da yake faɗa masa a kwata, kuma ko man mota zai yi?

Bakanike: Yawancin waɗannan injuna na haɗi, kashi 50 na fetur ne, kashi 1 na mai. Wato tankin lita 25, rabin lita. In injin sabo ne fil, awa 10 na farko ana ninka man, lita ɗaya ke nan a tankin. Amma kowa ya duba takardar injinsa, don akwai masu bambanci. Abin da nake roƙo shi ne a daina awo da ido. Sami kwalba ka yi mata alama, ita ce ma'auninka kullum. In ya yi kaɗan fistin ya kama, in ya yi yawa hayaƙi da baƙin fulogi. Man da aka yi don injin ruwa za ka ga an rubuta TC-W3 a jikin gwangwaninsa. Na mota ba a yi shi don ya ƙone tare da fetur ba, toka yake bari a kan fistin.

Sai maganar 'yan bumburutu. Ba na ce duk mansu gurɓatacce ne ba, amma jarkar da ta kwana a buɗe cikin damina ba ta rasa ruwa. Tsiyaya kaɗan a farar kwalba ka ajiye ta zauna. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi kwance a ƙasa. Wanga gwajin ba ya cin ko sisi. Kuma akwai ɗan noti a kan murfin tanki, na shan iska. In ka manta shi a ɗaure, inji zai tafi da kai har tsakiyar ruwa sannan ya shaƙe, ka yi ta kwance kafireta alhali ba ruwanta.

Mai gabatarwa: Wannan ta Gusau ce, daga wani ɗalibi. Ya ce yana ganin bidiyo a waya na ƙananan jiragen da iska ke turawa da ƙyalle, mutum biyu kacal a ciki, suna ƙetare teku. Yana tambaya: in abu ya lalace a can, wa ke gyarawa? Baba, wannan mun ɗan yi bincike a kanta, bari in fara, ka ɗora.

Amsar ita ce su da kansu. Daga tsibiran Kanari da ke yamma da Maroko zuwa Karebiyan tafiyar mil 2,700 ce ta teku, kusan mako uku, kuma duk watan Nuwamba jirage da yawa kan tashi tare daga Las Palmas da ke Kanari zuwa tsibirin Sent Lusiya da ke Karebiyan. A tsakani babu kwata, babu bakanike. Irin wannan jirgi kuwa gida ne guda: akwai injin gas a cikinsa don shiga tasha ko ranar da iska ta kwanta, akwai batura, famfunan ruwa, murhu, bayi, rediyon kira, wasu har da na'urar da ke tace ruwan gishiri ya zama na sha. Dogon turken da ke riƙe ƙyallen, wayoyin ƙarfe ne ke ɗaure da shi ta ko'ina, kuma kullum sai an zagaya an duba ko wani sili ya fara tsinkewa ko wata ƙusa ta zame, don waya ɗaya in ta tafi turken na iya faɗuwa.

Babban abin tsoronsu ramukan da aka huda a ƙasan jirgin ne, inda ruwan sanyaya inji ke shiga da inda na bayi ke fita. Kowane rami yana da makunni, kuma masu lura sukan ɗaure wani katako mai tsini kusa da shi, in tiyo ya fashe a buga shi a toshe. Gishiri kuma yana cin ƙarfe, don haka suke ɗaura guntun ƙarfen zinki a sandar farfela, shi ya cinye a madadin mai tsadar. In iska ta shiga bututun man gas inji ba ya tashi, sai an sassauta noti an yi famfo har kumfa ta ƙare.

Bakanike: Ka ji, ɗana, ai duk abu ɗaya ne. Injinsu ma da robar famfo yake sanyi, kuma na san ba sa tashi sai da ta ajiya. Guntun zinkin nan akwai irinsa a ƙafar injinmu, yara suna shafe shi da fenti don kwalliya, ba su san sun kashe aikinsa ba. Bambancin kawai, su sun yarda cewa babu mai zuwa, sai suka koyi jirginsu ciki da bai. Mu kuwa muna ganin ga gari can, sai a tashi babu sufana, babu fulogi, babu igiyar ja ta biyu. Alhali in iskar hadari ta taso maka a faɗin tafki inji a mace, garin da kake hange bai fi maka wanda ke bayan teku kusa ba. Gwangwani guda ya isa: fulogi biyu, abin kwance su, robar famfo, filaya, igiya, ɗan tiyo, tocila. Da filafili da gora a cikin jirgi, ko injinka jiya aka kwance shi daga kwali.

Mai gabatarwa: Wani mai jigila daga Bagudo ya ce ya sa sola da batir don fitila da cajin waya da ɗan famfon kwarfe ruwa, amma batir ba ya kai masa wata shida.

Bakanike: Ya sayi mitar awon ƙarfin wuta, ba ta da tsada. Batir mai volt 12, in ya huta babu abin da ke jansa, cikakke zai nuna 12.6 ko 12.7. In ya nuna 12.2 ya kai rabi, nan ya kamata a tsaya. Mai jan shi har fitila ta yi ja kullum, shi ke kashe shi. In rana ta take, mita ta nuna wajen 14, alamar caji na shiga. Sannan kada a haɗa sola kai tsaye da batir, sai da 'yar na'urar da ke daidaita caji a tsakani, in ba haka ba ta dafa shi. Masu jiragen tekun nan batir biyu suke rabawa, na tada inji daban, na fitila daban, kuma dabara ce mai kyau.

Sau tari ma ba batirin ba ne, kan waya ne. Danshi yana sa shi tsatsa, ya yi kore. Kankare, ɗaure tamau, shafa giris. A sa fis kusa da batir, don waya in ta goge a jikin ƙarfe kusa da tankin fetur, ka san sauran. Famfon kuwa ɓawon gyaɗa da ƙayar kifi ke toshe masa rariya. Kuma kada ya sa ka jefar da bokiti.

Mai gabatarwa: Wata Hajiya mai fataucin kifi daga Warra ta ce ita ba ta san inji ba, fasinja ce. Me za ta duba kafin ta shiga? Ta ce har yau ba ta manta da watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgin da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutum fiye da 150 ya tarwatse kafin ya iso Warra. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Bakanike: Amin ya Allah. Hajiya, ki fara da ƙasan jirgin. Jirgin katako ba ya rasa ɗan ruwa, amma in yana ɗaure a kwata yaro na ta kwarfa ba hutu, in aka yi lodi sai abin ya ninka, don katakon sama da ya bushe ya buɗe shi ne zai nutse. Ki taɓa katakon kusa da inda aka rataya inji, in farce na shiga ya ruɓe. Ki dubi tazarar bakin jirgi da ruwa bayan an gama loda buhuna da babura. In kina zaune hannunki na taɓa ruwa ba tare da kin miƙa ba, sauka, ki bar musu kuɗin. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, daga shida na yamma zuwa shida na safe, ta kuma ce kowa ya sa rigar kariya, ki nemi rigar da bakinki. Dalilin hana daren ba ɓoyayye ba ne. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye dazuzzuka da garuruwa, kututturan suna nan a tsaye har yau. Ƙarshen rani zuwa farkon damina, da ruwa ya ja baya, suna dab da sama, da rana ma sai wanda ya san hanya.

Mai gabatarwa: Lokaci na hararenmu, Baba. Ga ta ƙarshe a gurguje, daga wani masunci a Ngaski: inji na ihu, jirgi ba ya gaba, kuma man giyarsa ya koma fari.

Bakanike: Matsala biyu ce. Ta farko, akwai roba a tsakiyar farfela, in ka bugi kututture takan saki, sandar na juyawa farfela na zamewa. Ja layi da fenti daga notin zuwa jikin farfela, ka ɗan yi tafiya, in layin ya rabu to ita ce. Ka lallaba a hankali zuwa gaɓa, kada ka matsa wuta. Ƙananan injuna wasu ƙusa ce ke karyewa a wurin, sai a riƙa yawo da ta ajiya. Ta biyu, man giya in ya koma kamar kunu, ruwa ya shiga. Cire farfela ka duba bayanta, za ka tarar da zaren taru ya naɗe ya yanka robar da ke tare mai. A canja robar, a tsiyaye man, a zuba mai lamba 90 ta ramin ƙasa har ya ɓullo ta na sama, a fara rufe na saman sannan na ƙasa.

Mai gabatarwa: Mun gode, Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Mai tambaya kan liƙin jirgin roba, da wanda ya aiko kan saye tsakanin sabon inji da na hannu, ku yi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A huta lafiya.