Gidan Abincin da Ba Ya Gajiya da Wuri

(An rubuto wannan lacca ne daga muryar da aka naɗa a wani zama na masu gidajen abinci a Kano. Mai jawabin ƙwararre ne a zanen gine-gine. An rage maimaici kaɗan.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Alhazai da Hajiyoyi, iyayena da yayyena, barkanmu da yamma. An ce in yi magana kan tsara cikin gidan abinci da yadda ake sabunta shi idan ya gaji. Ni zanen gini na sani, ku kuwa ciyar da jama'a kuka sani, to in na kauce a wani wuri ku dawo da ni.

Kayan cikin gidan abinci kashi biyu ne. Akwai wanda in an kafa shi an kafa ke nan, sai an rufe gida an fasa kafin a canza shi: daɓen ƙasa, bututun ruwa, wayar wuta, inda aka sa kicin, inda taga take. Akwai kuma wanda yara biyu za su canza a dare ɗaya: fenti, labule, rigar kujera, abin da aka rataya a bango. Abin da nake gani kullum shi ne, muna zuba kuɗi a kashi na biyu, mu matse na farko. Iyayena mata sun san wannan a ɗakin amarya. Ranar jere kowa yabawa yake yi, sai an kwana biyu ake gane gadon da aka yi da katakon kirki da wanda aka lulluɓe da ƙyalli.

Mu fara da ƙasa, don ita ta fi kowa shan wahala. Abincinmu ba na wasa ba ne. Manja ne, miyar kuka ce mai yauƙi, zoɓo ne wanda in ya zuba sai ya bar tabo, ga yajin tsire da man balangu. Mutum ya je kasuwa ya ga farin tayil mai sheƙi kamar madubi, ya ce shi yake so. Da miya ta ɗiga, wurin ya zama tarko, dattijuwa ta zame, ma'aikaci ya faɗi da tire. Ku nemi tayil mai ɗan kaushi, irin wanda aka gasa sosai har ba ya shan ruwa. Gwajinsa ba wuya: juya bayansa ka ɗiga ruwa. In ya tsotse nan take, na bango ne, bar shi. In ruwan ya tsaya a kai, ɗauka. Launi kuma a zaɓi mai ruwan ƙasa ko toka-toka, simintin da ake cike tsakani da shi ya zama mai duhu, don fari wata uku ya isa ya koma baƙi, kuma ba sabulun da zai dawo da shi. Sannan ku sayi kwali uku ko huɗu ƙari ku ajiye a sito. Ranar da guda ya fashe bayan shekara biyu, wallahi ba za ku sami irinsa a kasuwa ba, sai dai a yi faci da wani launi, kuma facin nan shi ido yake fara sauka a kai.

Bango ma haka. Daga ƙasa zuwa kamar mita 1.2, nan ne bayan kujera yake gogawa, nan yara suke shafa hannu. A sa masa tayil ko fentin mai da za a iya wankewa. Daga nan zuwa sama a yi fentin ruwa, wanda za a iya sake shi duk shekara ba tare da aljihu ya koka ba.

To, iska. Nan zan ɗan daɗe, don nan ne muka fi cutar kanmu. A watan Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40. Amma sai ka ga an yi gidan abinci gabansa gilashi ne daga sama har ƙasa, yana kallon yamma, ba taga ko ɗaya da take buɗewa. Daga azahar rana tana dukan gilashin nan, zafi ya shiga ya kasa fita. Mai gida ya dogara da esi. Aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, ko dizal ya yi tsada, cikin minti kaɗan wurin ya gagari zama. Magabatanmu ba su yi haka ba. Ku shiga Gidan Makama, ko Gidan Ɗan Hausa, ko tsohon masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830. Bango mai kauri, rufi mai tsayi a kan bakan gizo, wato ginin nan mai lanƙwasa kamar baka da ke ɗauke da rufi, tagogi ƙanana a sama. Iska mai zafi tana hawa sama ta fice, mutum yana ƙasa cikin sanyi. Ban ce ku koma ginin tubali da azara ba, ko da yake wanda ya yi hakan da kyau ba zai yi nadama ba. Ina cewa ku ɗauki hikimar. Taga a ɓangare biyu masu fuskantar juna, silin mai tsayi da fanka za ta samu wurin juyawa, rumfa ko bishiya a gaban gilashin yamma. Esi ya zama ƙari a kan wurin da dama yana numfashi.

Ga kuma zaure. Ɗan ƙaramin ɗaki tsakanin titi da wurin cin abinci, mai ƙofa biyu, yana tare ƙurar hunturu, yana tare ƙuda, yana hana sanyin esi gudu duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Mai jiran a ƙulla masa abinci ya tafi da shi, nan zai tsaya, ba sai ya tsaya a kan masu ci ba.

Kicin kada a ba shi ragowar fili. A ƙiyasin masu wannan aiki, kusan kashi ɗaya cikin uku na wurin, wani lokaci ma fiye, na kicin da sito ne. Kuma a sa masa bututun zuƙe hayaƙi mai ƙarfi. Hayaƙin mai shi ne yake mayar da farin silin rawaya, ya kama labule, ya sa kujera danƙo. Duk adon da aka yi a gaba, in hayaƙi yana ratsowa, shekara ɗaya ya cinye shi.

Haske. Ƙwan fitila na zamani akwai lamba a jikin kwalinsa da K a ƙarshe. Mai 6500K shi ne farin nan mai shuɗi-shuɗi irin na asibiti. A ƙarƙashinsa nama yana komawa toka-toka, jollof ta dushe, fuskar mutum ma ta yi kamar ya tashi daga jinya. Wannan na kicin ne, inda ake son ganin datti. A wurin ci ku sa mai 3000K, mai ɗan ja-ja, za ku ga miya ta fito da kalarta. Kuɗinsu kusan ɗaya. Fitilun nan masu canza launi, kore, ja, shuɗi, da ake zagaye silin da su, ni dai ban taɓa ganin abincin da suka ƙawata ba.

Yanzu ga abin da littafin Turawa ba zai tuna muku ba. Mu da hannu muke cin tuwo. Saboda haka wurin wanke hannu ba a lungu zai kasance ba, kuma ba cikin banɗaki ba. A fili, kusa da shiga, famfo biyu ko uku, ɗaya a ƙasa-ƙasa saboda yara, magudana mai faɗi da ba ta toshewa. Wurin alwala dabam, da ɗan wurin salla ko da na mutum huɗu ne. Banɗaki kuma tun a takarda a duba alƙibla, kada a gama gini sannan a zo ana fasa. Hajiyoyi za su gaya muku, mace tana iya yafe wa gidan abinci gishirin da ya yi yawa, amma in ta leƙa banɗaki ta ga ƙazanta, ta tafi ke nan, kuma sai ta gaya wa ƙawayenta.

Zama kuma a yi shi iri-iri. Tebur tsayinsa kamar santimita 75, kujera 45, kowane mutum a ba shi faɗin santimita 60 a bakin tebur, hanya tsakanin tebura ta kai mita ɗaya don mai babbar riga da mai ɗauke da tire su wuce juna. A ware ɓangaren iyali da ɗan shamaki, inda mai niƙabi za ta ɗaga ta ci a natse. Zaman ƙasa a kan darduma da matasai, irin wanda alhazai suka saba gani a gidajen cin mandi, shinkafa da naman nan na Saudiyya, yana da daɗi ƙwarai, amma a bar 'yan kujeru saboda dattawa masu ciwon gwiwa. Katako kuma, allon nan na garin katako da aka matse, da ya sha ruwa sai ya kumbura ya rududduge, ga shi kuma tebur kullum cikin goge shi ake da jiƙaƙƙen tsumma. Maɗaci ko ƙarfe sun fi tsada yau, amma kafinta zai kankare su ya sake shafa musu mai sau da yawa.

Sai ado, wanda na san shi kuke jira. Yayin yanzu shi ne ciyawar roba a bango da rubutu mai walƙiya, don matasa su ɗauki hoto su sa a Instagram da TikTok. Ba na hana ku, talla ce ta kyauta. Amma a ba ta bango ɗaya tak, wanda za a iya kwancewa. Hunturu ɗaya ciyawar nan take cika da ƙura, kuma kowa ya yi irinta. Ko McDonald's, kamfanin gidajen abincin nan na Amurka, da duk girmansa, a 2006 ya fara rage jan roba da rawaya mai kaifi a shagunansa, ya shigo da katako da launuka masu sanyi da fitilu marasa ƙarfi. A ɗaya gefen kuma, wanda ya je Alƙahira ya shiga kasuwar Khan el-Khalili ya san gidan shayin Fishawi, ya haura shekara 200, da tsofaffin madubai da katakonsa, kuma don su ake zuwa. A Madrid ta ƙasar Sifen akwai gidan abincin Botín, tun 1725, har yau da murhun itacensa. Kayan da suke tsufa da kyau suka zaɓa, sa'annan suka riƙe kamanninsu.

Mu ma muna da irin waɗannan kaya. Shuɗin zanen Ƙofar Mata, inda ake rini tun 1498, fatar jar akuyar Sakkwato, faifai, sassaƙaƙƙiyar ƙwarya, zanen dagi a jikin bango. Sai dai a yi da hankali. Kada a kwaso su duka a jibge, wurin ya koma shagon tsaraba. Abu ɗaya ko biyu masu kyau, a ba su fili da haske. Su kuma zane da tabarma da labule suna da wani amfani: suna shanye ƙara. Ɗakin da yake tayil a ƙasa, gilashi a gefe, siminti a sama, kowace magana da ƙarar cokali sai ta dawo, kowa ya ɗaga murya, ga talabijin yana ta yi. Mutum ya ci ya tashi da sauri bai san abin da ya kore shi ba.

(Wata Hajiya ta yi tambaya: wanda ya riga ya gina, kuɗi kuma ba yawa, ta ina zai fara?)

Hajiya, Allah ya ƙara arziki, tambayarki ita ce ta yawancin mutanen da ke nan. Gobe da safe ki shiga ta ƙofar da masu saye suke shiga, ki zauna a kujerar da ta fi kowace muni, wadda ke kusa da banɗaki ko ƙofar kicin, ki ci abinci a nan. Abin da idonki da hancinki suka gaya miki, ki rubuta. Daga nan a fara da abin da ya lalace kafin abin da ya tsufa: yoyon rufi, famfo mai ɗiga, tebur mai rawa, tayil da ya fashe. Kada a taɓa yin fenti a kan silin da ke yoyo, a hau a gyara kwano tukuna, kuma a yi shi kafin ruwan Yuni ya sauka. Bayan nan a canza ƙwayayen fitila, wannan aikin yini ɗaya ne. Sai fenti, sai rigar kujeru. In aikin babba ne, a raba gidan biyu, a yi rabi ana ciniki a rabi, ko a bari sai azumi, tunda da rana dama ba ciniki, a gama kafin cinkoson salla. Kuma duk wata ki ware wani abu daga ciniki, kome ƙanƙantarsa, a asusu dabam da sunan gyara, kamar yadda kike ware na haya.

Abu ɗaya kuma, Hajiya: in akwai kusurwar da tsofaffin masu sayenki suka saba zama, ko launin da aka san gidanki da shi, ki tambaye su kafin ki taɓa. Na ga ladan ya matso, sauran tambayoyin sai bayan magariba in Allah ya yarda. Wassalamu alaikum.