Jarrabawar Kula da Kwamfutoci Ga Mai Mako Shida

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To, madalla.

Kafin in hau nan na ɗan zagaya na tambayi wasunku, kuma kusan amsa ɗaya na samu: aiki daga safe zuwa yamma, ga hidimar iyali, ga jarrabawar satifiket ɗin kula da kwamfutoci da mutum ya yi alkawarin zai zauna tun bara. Wani ya ce wata shida ya rage masa. Wani kuma ya ce mako shida kacal, domin wurin aikinsa sun gindaya masa sharaɗi. Maganata ta yau da mai mako shidan nake yi, mai wata shida ya tsinci abin da ya dace da shi.

Mu fara da lissafi. A ce kana samun awa ɗaya kullum a kwana biyar na aiki, sannan awa uku-uku a kwana biyun hutu. Awa 11 ke nan a mako, awa 66 a mako shida. Jarinka ke nan gaba ɗaya. Yanzu ka sayi kwas na bidiyo mai awa 40, ka zauna ka kalle shi daga farko har ƙarshe. Nawa ya rage maka? 26. Kuma har yanzu hannunka bai taɓa madannai ba.

Shi ya sa nake cewa a zaɓi satifiket ɗaya, taura biyu ba ta taunuwa. Kuma ka san irin jarrabawar da ka zaɓa, don ba su zama ɗaya ba. A+ ta kamfanin CompTIA jarrabawa biyu ce, sai ka ci dukansu. Network+ guda ɗaya ce, tambayoyi ba sa wuce 90 cikin minti 90, ana neman maki 720 daga 900. LPIC-1, ta masu kula da Linux, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ita ma biyu ce, 101 da 102. AZ-104 ta Microsoft, ta masu kula da Azure, wato kwamfutocin Microsoft da ake haya ta intanet, maki 700 ake nema daga 1000. Sai RHCSA ta Red Hat, kamfanin Linux, wadda babu zaɓi-sonka a cikinta ko ɗaya. Na'ura za a ba ka da jerin ayyuka, ka yi ko ka kasa, kuma sai ka kai 210 daga 300. Af, kada in manta: har yanzu ina ganin masu karanta littattafan MCSA. Microsoft ta rufe wannan tun Janairun 2021. Kafin ka sayi kowane littafi, duba lambar jarrabawar da ke jikinsa ka gwada da wadda ake yi a yau.

Duk waɗannan kamfanoni suna wallafa jerin abubuwan da za su tambaya, kyauta, a shafinsu. Abin mamaki, mutane da yawa ba su taɓa buɗe shi ba. Ka buga shi a takarda, ka ɗauki biro, ka bi layi-layi. Wanda za ka iya yi yanzu ba tare da duba komai ba, ka soke shi. Wanda ka taɓa yi amma sai ka leƙa, sa masa ɗigo. Wanda ba ka san ma me ake nufi ba, zagaye shi. A nan ne son rai ke shigowa, domin zuciya ta fi son maimaita abin da ta iya, yana da daɗi, mutum ya tashi yana jin ya yi karatu. Alhali awanninka na masu zagaye ne da masu ɗigo. Bidiyon ma kan su kaɗai za ka nema, ka kalli minti goman da ya shafe su ka rufe.

Yanzu ga inda nake so in daɗe. Ka saka VirtualBox a kwamfutarka, manhaja ce ta kyauta da ke ƙirƙirar kwamfutar gwaji a cikin kwamfuta, ka gina kwamfutoci biyu a cikinta. In Linux kake karanta ta ɓangaren Red Hat, Rocky Linux ko AlmaLinux sun ishe ka. Da ka gama girkawa, ka ɗauki hoton halin da na'urar take ciki, yadda duk ɓarnar da ka yi za ka koma baya cikin minti ɗaya. Daga nan sai ka fara ɓarna da gangan. Ka manta kalmar sirrin root, wato asusun mai cikakken iko, ka nemo hanyar shiga. Ka raba faifai, ka faɗaɗa shi da LVM, tsarin sarrafa girman faifai. Ka canza lambar tashar da sabis, wato manhaja mai aiki a bayan fage, yake saurare, ka ga yadda SELinux, tsarin tsaron na'urar, zai hana shi tashi, kuma kada ka kashe SELinux ɗin don ka huta, gano dalilin za ka yi.

Bari in ba ku labarin kaina, gani ga wane ya ishi wane. Lokacin da nake shirin jarrabawata ta farko irin ta aiki, na yi gwaji na ƙarshe a gida, na gama komai da sauran lokaci, har ina taƙama. Na sake kunna na'urar, ta ƙi tashi. Harafi ɗaya na rubuta ba daidai ba a cikin /etc/fstab, fayil ɗin da ke faɗa wa na'ura faifan da za ta haɗa in tana tashi. Da na gyara ta tashi, sai na tarar sabis biyu da na tayar suna kwance, domin start na yi musu, wato tayarwa ta yanzu, ban yi enable ba, wanda ke sa su tashi duk sanda aka kunna na'ura. Da a zauren jarrabawa ne, da aikin ya tafi a banza, saboda a RHCSA abin da ya tsira bayan an sake kunna na'ura shi ake dubawa. Tun daga ranar, duk sanda na taɓa fstab sai na gwada shi da umarnin mount -a kafin in matsa. Na kalli wannan a bidiyo ya fi sau uku, bai zauna mini ba sai da ya ƙona ni.

Sannan ka saba da man, umarnin da ke buɗe littafin bayani na cikin Linux. A irin wannan jarrabawa babu intanet, amma bayanan da ke cikin na'urar suna nan. Saboda haka a gida ma, in ka maƙale, ka hana kanka Google na minti biyar, ka nema a man tukuna. Wanda ya iya nemo misali a can cikin daƙiƙa 30 ba ya buƙatar haddace kowane umarni.

Akwai dai abin da dole sai hadda, kamar lambobin tashoshin sabis: SSH tashar 22, DNS 53, HTTPS 443, RDP 3389, da lissafin rarraba adireshin IP, lambar da ake gane kowace na'ura da ita a layin sadarwa. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun 1885 cewa mantuwa ta fi sauri a farkon lokaci bayan koyo, kuma maimaitawa da tazara tana rage ta. A kan wannan aka gina manhajar Anki, ta katunan hadda. Abubuwan haddar nan kada su ci awarka ta zama. Minti biyar na jiran wani, minti goma kafin a fara taro, nan ne wurinsu. Kuma katin da ka rubuta da kanka, daga kuskuren da ka yi jiya, ya fi ɗari da ka kwafo.

Na ji wani daga can yana cewa tambayoyin da ake sayarwa fa? Na san su, waɗanda ake cewa an sato daga ainihin jarrabawa. Ka tuna akwai yarjejeniyar jarrabawa da kake sa wa hannu da ta haramta su, kuma in an kama ka ana iya soke satifiket ɗin. Ko ba a kama ka ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Akwai daren da saba, babbar kwamfutar wurin aikinku, za ta faɗi, kowa ya juyo yana kallonka.

Ka yi rajistar ranar jarrabawa tun a makon farko, domin karatun da ba shi da rana ba ya ƙarewa. A mako na biyar ka yi cikakken gwaji da agogo a gabanka. Makon ƙarshe ba na sabon darasi ba ne, na gyaran abin da gwajin ya tona ne. Masu CompTIA, tambayoyin aiki sukan zo da farko kuma suna cin lokaci, ku sa musu alama ku wuce, ku dawo daga baya. In ba a dace ba, CompTIA ba ta sa jira tsakanin zama na farko da na biyu, sai a na uku ne za ka jira kwana 14, kodayake kuɗin rajista sabo za ka biya.

Ga shi ana nuna mini agogo. Baiwar Allah mai ɗaga hannu tun ɗazu, a miƙa mata makirufo.