Abubakar Tafawa Ɓalewa a Zauren Majalisa

An gabatar da wannan lacca a wani taron malamai da ɗalibai a garin Bauchi, aka kwafo ta daga rikodin.

Assalamu alaikum. Shugaban taro, iyayena malamai, ƙannena ɗalibai, barkanmu da yamma.

Yin magana a kan marigayi Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi abu ne mai wuya, don kowa a ɗakin nan gani yake ya san shi. Hotonsa na kan naira biyar, kabarinsa na nan cikin gari, jami'armu da filin wasanmu duk sunansa ne. Ka tare yaro ka tambaye shi, abu biyu zai gaya maka: yana da zaƙin murya, kuma ya rasu bai tara abin duniya ba. Duka gaskiya ne. Amma da wuya ka ji wanda zai gaya maka abin da ya faɗa da muryar. Shi nake so mu duba yau.

Tarihinsa a gurguje: an haife shi a 1912, ba ɗan sarki ba ne. Ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya dawo ya koyar a Midil ta Bauchi har ya zama hedimasta. A shekarun 1940 yana cikin zauren tattaunawar nan na Bauchi tare da Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, inda ake zama da Turawa ana musayar hujja. A nan ya goge a muhawara, kafin ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa a 1945. Da ya dawo ya shiga Majalisar Dokokin Arewa a 1946, shekara ta zagayo aka tura shi majalisar ƙasa a Ikko.

Yanzu mu je Kaduna, watan Agusta na 1950. Ɗalibai, sai kun san yadda En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta sarakuna, take a lokacin kafin ku gane nauyin abin da ya yi. A doka, sarki shi kaɗai ne hukuma a ƙasarsa. 'Yan majalisarsa shawara kawai suke bayarwa, ya ga dama ya ɗauka, ya ga dama ya bari, muddin Razdan, wato Baturen da ke kula da lardi, bai hana ba. Alƙali nasa ne, 'yan doka da gidan yari nasa ne, baitulmali a hannunsa, hakimi da dagaci su tara haraji da jangali su kawo. Yawancin 'yan majalisar da ke zaune a Kaduna kuwa ma'aikatan En'e ne, shi ma Malam Abubakar daga can ya fito.

A haka ya miƙe ya kawo ƙuduri cewa a kafa kwamiti mai zaman kansa ya binciki tsarin En'e baki ɗaya, a gyara shi. Bai yi zagi ba, bai ɗaga murya ba. Ya nuna cewa wanda ake mulka, wato talaka, ba shi da ta cewa a kan yadda ake mulkinsa. Ya ce cin hanci da karɓar gaisuwa sun ratsa ma'aikatu tun daga sama har ƙasa. Ya kuma nemi a kawar da tsarin da ya mai da mutum ɗaya hukuma. Ku tuna, a gaban Turawan da suka gina tsarin yake faɗar haka, kuma in an tashi majalisa gida zai dawo ya je fada gaisuwa. Sarakuna da dama ba su ji daɗi ba. Ƙudurin da ƙyar ya tsallake, amma ya tsallake. Aka sa jami'ai biyu, Maddocks da Pott, suka yi bincike, a 1952 aka soke tsarin sarki shi kaɗai aka koma sarki da majalisarsa, sannan dokar En'e ta 1954 ta biyo baya.

'Yan NEPU, jam'iyyar adawa ta su Malam Aminu Kano, za su ce gyaran bai je ko'ina ba, kuma suna da hujja, don an ci gaba da ɗaure mutanensu a kotunan alƙalai. Na yarda. Amma ni a ganina wannan shi ne jawabinsa mafi ƙarfin hali a duk rayuwarsa, kuma ya yi shi ne ba ya riƙe da kujerar minista ko ɗaya.

Abu na biyu, wanda ba a cika so a faɗa a taron tunawa da shi ba. A farkon zuwansa Ikko, Malam Abubakar bai yarda da haɗin kan Nijeriya ba. Ya faɗa a zauren majalisa cewa tun da aka haɗe Kudu da Arewa a 1914, ƙasar a takarda kawai take ɗaya. Tsoronsa a fili yake: Arewa ba ta da 'yan boko, in Bature ya tafi da wuri wasu ne za su cike ofisoshi. Shi ya sa a watan Maris na 1953, da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin cewa a ba Nijeriya mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ƙi, Sardauna ya nemi a sauya shekarar da cewa sai lokacin da ya dace. Aka yi musu ihu a titunan Ikko, watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano.

Shekara huɗu bayan haka, a Maris na 1957, Akintola, ɗan siyasar jihar Yamma, ya sake kawo ƙudurin neman 'yanci, wannan karon Arewa ta goyi baya. Me ya faru a tsakani? Ya riƙe ma'aikatar ayyuka daga 1952, sannan ta sufuri, ya ga yadda gyaɗa da audugarmu ba su da hanyar fita sai ta tashar jirgin ruwan Kudu. A 1955 ya je Amurka duba sufurin kogi, ya ga mutane iri-iri sun zama ƙasa guda, ya dawo da wani tunani. Bai ɓoye cewa ya sauya ra'ayi ba. Layin dogon da ya ratsa Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964 ɗan wannan zamanin ne.

Daga 1957 da ya zama Firayim Minista, jawabansa da duniya ta sani a waje aka yi su: na ranar 1 ga Oktoba 1960, na Majalisar Ɗinkin Duniya mako guda bayan nan, na Addis Ababa a 1963. Kun sha jin su, ba zan tsaya a kansu ba.

Inda zan tsaya shi ne 29 ga Mayu 1962. Kwanaki kaɗan kafin nan an yi dambe a majalisar Yamma a Ibadan tsakanin mutanen Akintola da na Awolowo, an yi jifa da kujeru, an karya sandar majalisa, 'yan sanda sun harba barkonon tsohuwa. Firayim Minista ya kawo ƙudurin dokar ta-ɓaci a kan jihar Yamma. Awolowo, jagoran adawa, ya tashi ya ce rigimar ba ta wuce bangon majalisa ba, kasuwanni na ci, kuma an yi tarzomar da ta fi wannan a ƙasar Tibi a 1960 ba a sa dokar ta-ɓaci ba. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ban ga an rushe ta da hujja ba. Rinjayen ƙuri'a aka sa aka wuce, a yini guda. Aka naɗa Dokta Majekodunmi kantoma, bayan wata bakwai Akintola ya koma kujerarsa ta Firimiyan Yamma, a 1963 aka yanke wa Awolowo shekara goma.

Na ga wasu iyayena suna girgiza kai. Allah ya ba ku haƙuri, namu ne, ni ma ina ƙaunarsa. Amma mutumin da a 1950 ya ce kada iko ya taru a hannu ɗaya ba tare da mai tambaya ba, shi ne ya jagoranci majalisar da adawa ta yi ta ƙanƙancewa a cikinta, ba ta ma cika zama ba. Da sojoji suka ɗauke shi daren 15 ga Janairu 1966, ba majalisa ce ta yanke abin da za a yi ba. Ministocin da suka rage ne suka zauna da Nwafor Orizu, muƙaddashin shugaban ƙasa, aka miƙa wa Janar Ironsi mulki.

Allah ya jiƙansa da rahama. Shugaban taro, na dawo maka da lasifika, mai tambaya ya ɗaga hannu.