Ƙannenmu Ɗalibai da Daren Berlin

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa, da ƙannenmu da suka sauka a wannan zangon karatu, barkanmu da warhaka. Minti goma Sakatare ya ba ni, kuma na ga an fara buɗe kulolin tuwo a can baya, don haka ba zan yi doguwar shimfiɗa ba.

A zaman da ya wuce an kawo maganar ɗaliban musaya, waɗanda jami'o'insu na gida ke turowa su yi wata shida ko shekara a jami'o'in Berlin, Humboldt ko TU ko FU, su koma. Aka ce a ja musu kunne kan yawon dare. Ban ƙi ba. Sai dai kafin mu ja kunnen, mu tuna yadda darenmu na farko ya kasance a garin nan.

Karatu yana farawa tsakiyar Oktoba. Mako biyu bayan haka a mayar da agogo baya da awa guda, kafin Disamba rana tana faɗuwa tun huɗu ba ta cika ba. Yaron da ya tashi a Kano ko Damagaram, inda bayan Isha'i ne ake shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, a zauna majalisa ko fada, mai shayi yana ta zuba na ɗaya da na biyu, shi ne zai dawo ɗaki ƙarfe biyar ya riga ya yi Magariba, maƙwabcinsa ko kallonsa bai yi ba. Sai waya ta yi ƙara: rukunin WhatsApp na 'yan Erasmus, shirin musayar ɗalibai na Turai, ana cewa a haɗu ƙarfe tara a wuri kaza. Ku gaya mini, wa zai zauna yana kallon bango?

A gida muna cewa dare mahutar bawa. Wanda ya yi wannan karin maganar bai zo Berlin ba. Tun 1949 aka soke dokar lokacin rufe mashaya a yammacin birnin, har yau kuma ba ta dawo ba. Daren Juma'a da na Asabar jirgin ƙarƙashin ƙasa na U-Bahn ba ya tsayawa, sauran ranaku kuma motocin dare masu harafin N suna nan. Shagon Späti a buɗe yake lokacin da kowa ya rufe. Mutane na tashi daga wasu ƙasashe su yi awanni a layin shiga gidan rawa na Berghain, mai gadi ya dube su ya girgiza kai, su juya ba tare da an faɗa musu dalili ba. A 2024 ma Jamus ta sanya kiɗan tekno na Berlin cikin jerin al'adunta na gado. Garin da ke alfahari da darensa haka, ba a ce wa yaro "dare ya yi" a cikinsa ya ji.

To ƙannena, ga abin da nake so ku riƙe, domin rashin sani ya fi dare duhu. Tun 1 ga Afrilu 2024 doka ta sassauta kan wiwi, za ku ji warinta a tasha da lambu. Sayar da ita a titi har yanzu laifi ne. Wanda yake da fasfo na nan, idan ya shiga matsala, gidansa zai koma. Kai kuwa takardar zamanka ta 'yan watanni ce, kuma gobe za ka nemi biza ta digiri na biyu. Kada ka tsaya hira da dare a lambun Görlitzer Park. Ba ka yi komai ba, na sani, amma 'yan sanda na yawan bincike a wurin, kuma mu da muke da wannan fatar mun san wanda ake fara tsayarwa. Kada wani ya ba ka jaka ya ce riƙe mini. Ke kuma ƙanwata, ko lemo kike sha, kofin da kika bari a tebur kika dawo ya zama na zubarwa, don akwai masu ɗiga maganin da ke gusar da hankali. Lambar 'yan sanda 110, ta motar asibiti 112. Shiga jirgi ba tikiti Yuro 60 ne.

Har zaman gida yana da doka. Shekarata ta farko mun yi walimar Sallah a ɗakina, mu bakwai, ana ta dariya. Goma da kwata sai ga 'yan sanda biyu a ƙofa, maƙwabciya ta kira su. Ranar na san daga goma na dare zuwa shida na safe lokacin shiru ne. Na kai mata nama washegari, ta karɓa, amma ba ta janye maganarta ba.

Kada kuma ku ɗauka cewa nake ku ƙulle kanku cikinmu. Musaya kuka zo yi. Wanda ya koma gida bai yi aboki ko ɗaya daga Sifen ko Poland ko Koriya ba, rabin tafiyarsa ya yi. Ku fita. Idan aka miƙo giya ka ce ba ka sha, ka nemi Apfelschorle, ruwan tuffa ne da soda, yawanci ba wanda zai sake tambayarka. Ku ja abokan zuwa titin Sonnenallee a unguwar Neukölln, a ci shawarma da kunafa, a sha shayi har dare ya raba. Ku yi rajistar wasannin jami'a, kuɗin kaɗan ne, amma gurbin ƙwallo da wuri yake cika. An daɗe ana koyar da Hausa a Humboldt. Bajamushen da ke fama da ƙ da ɗ zai yi murna ya samu mai gyara masa, kai ma ya gyara maka Jamusancinka. Masu kaiwa bazara kuwa, ga filin Tempelhof, tsohon filin jirgin da aka rufe a 2008, akwai wurin da aka keɓe don gashi, masallacin Şehitlik yana gefensa, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi.

Saura mu manya. Yawancinmu ba mu san sunayen yaran nan ba sai ranar da aka ce ɗaya ya shiga rigima. Zo mu ci tuwo ya fi tuwon daɗi, amma sai an faɗa. Shawarata ita ce daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kowace Juma'a da yamma gida ɗaya ya buɗe ƙofa. Ba sai an yanka rago ba, shinkafa da wake da shayi sun isa. Musulmi da Kirista, ɗan Najeriya da ɗan Nijar da ɗan Zangon Kumasi, kowa ya zo, ya kuma taho da abokin ajinsa idan yana so. Masu mota su mayar da 'yan mata har ƙofar masaukinsu. Kuma mutum uku cikinmu su yarda a ba ɗalibai lambarsu, wadda za a iya kira ƙarfe uku na dare, a je a ɗauko yaro, faɗan a bar shi sai gari ya waye.

Takarda tana zagayawa daga layin gaba. Juma'ar farko na rubuta gidana a unguwar Wedding, uwargida ta riga ta amince. Saura Juma'a goma sha shida ko makamancin haka. Shugaba, na gode, a zuba tuwo.

Wassalamu alaikum.