Lacca: Ƙara fayafan ajiya a akwatin saba ta gida

Assalamu alaikum, jama'a barkanmu da yamma. Wanda ya haɗa saba a gida, wato kwamfutar da ke ajiye bayanai tana raba wa sauran na'urori, ko ta fina-finai ce ko ta ajiyar aikin shago, wata rana sai ta cika. Sai ya buɗe akwati ya ga ramukan faifai biyu ko huɗu kawai, duk an cike su.

Neman wuri shi ne mai sauƙi. Ku dubi gaban tsohon akwati, inda ake sa na'urar DVD. Ramukan nan masu inci 5.25 yawanci zaune suke banza. Akwai kejin ƙarfe da ake zurawa ciki: ramuka biyu su ɗauki fayafai uku masu inci 3.5, uku su ɗauki biyar. In aljihu da nauyi, akwatin Fractal Design Define 7 XL na ɗaukar har 18. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kwantar da faifai a ƙasan akwati ba a ɗaure ba. Abin ciki juyawa yake, sau 5,400 ko 7,200 a minti, karkarwar wannan na damun na kusa da shi. A ɗaure da sukuru, a sa roba.

To, ina za a jona su? Madabod na gida, wato babban allon kwamfuta, kafofin SATA (inda ake jona faifai) huɗu zuwa shida gare shi. In sun ƙare, sai katin ƙarin kafofi. Ku bar ƙananan katunan nan masu arha, ku nemi irin LSI 9211-8i, ko na hannu ne: kafa biyu, kowace ta rabu gida huɗu, fayafai takwas ke nan. A tabbata yana kan tsarin IT, wato inda katin ke miƙa kowane faifai yadda yake ba tare da ya haɗa su ba, musamman mai amfani da manhajar saba ta TrueNAS, don tsarin ajiyarta, ZFS, so yake ya ga kowane faifai kai tsaye. Katin kuwa zafi gare shi, don ɗakin saba mai iska aka ƙera shi, sai a ɗaura masa 'yar fanka.

Yanzu ga inda nake so ku kasa kunne, wuta. Faifai in yana aiki bai fi wat biyar zuwa takwas yake ci ba. Amma lokacin tashi yana iya jan kusan amfiya biyu a layin bolt 12. Takwas su tashi tare, lissafa da kanka. Mu kuma da ake ɗauke mana wuta ana kawowa a rana ɗaya ba adadi, tashin nan kullum ne. Saboda haka fawa saflai (mai raba wa kwamfuta wuta) mai kyau da UPS ko inbata ba ado ba ne. Kada a jera fayafai shida a waya ɗaya, a raba. Wayoyin rabon nan na Molex (tsohon kan wuta mai fil huɗu) zuwa SATA da aka narka wa roba a kai, su ma a guje su, sun sha kamawa da wuta.

Sai zafi. Kamfanoni sukan rubuta iyaka digiri 60, amma mai hankali kan riƙe su ƙasa da 45. A Kano cikin Afrilu iskar waje kanta tana haura 40, balle fayafai biyar manne da juna. Dole fanka mai milimita 120 ta hura ta tsakaninsu. Da hunturu kuma ƙura ta toshe ragar gaba, sai a riƙa cirewa ana kaɗewa.

Malam, na ga ka ɗaga hannu kana tambaya ko a guji faifai irin SMR, mai ɗora layukan rubutu kan juna. E, a duba kafin a saya, a ɗauki CMR, wanda layukansa ba sa hawan juna, don SMR na jan ƙafa sosai in ana sake gina RAID, wato haɗin fayafai da ke kare bayanai, bayan faifai ɗaya ya mutu.